Bayani A Kan Kiwon Tarwaɗa Da Sauran Kifaye Maciya Nama A Bayan Gida

Ya ku malamai da 'yan kasuwa masu karanta wannan shafi, ku sani kiwon kifi cikin tafkin siminti a bayan gida ya yawaita a garuruwanmu. Sau da yawa maigida ya kan sayi 'ya'yan kifi ya zuba, bayan wata uku ya janye ruwa ya ƙidaya, ya tarar sun ragu ƙwarai, sai ya shiga zargin yara da maƙwabta, alhali kuwa ɓarawon yana nan cikin ruwan. Kifayen da mu ka fi so a miya, watau tarwaɗa da giwan ruwa da tsage da yauni, dukansu maciya nama ne, wanda kuwa ya ajiye su bai san halinsu ba, lalle dukiyarsa ya ke ciyar da su.

Mu fara da waɗanda ba su kamata da gida ba. Giwan ruwa ɗan asalin Kwara ne da Binuwai da tabkin Cadi da kogin Nilu, shi ne kuma masunta ke fatan kamawa a bikin Argungu, wanda aka fara a 1934. Ya kan kai mita 2 a tsawo, nauyinsa ya kusanci kilo 200. Yana bukatar ruwa mai faɗi mai tsabta, kuma ba ya kula dusa, sai kifi mai rai. Cikin shekarun 1950 aka zuba shi a tabkin Biktoriya na gabashin Afirka, inda ba mazauninsa ba ne. Da aka shiga shekarun 1980 sai ya mamaye tabkin, har irin ƙananan kifaye kimanin 200 su ka ɓace. To, abin da ya yi wa tabki mai murabba'in kilomita 68,000 wannan ɓarna, ina ga tafki mai taki goma? Tsage kuma kifin ruwa mai gudu ne, ga haƙora kamar ƙusa, in an tsare shi sai tsalle da bugun bango. Yauni yana da abin mamaki, domin a 1951 wani masani mai suna Hans Lissmann na Kambirij ya bayyana cewa yana fid da lantarki kaɗan kaɗan, da ita ya ke gane abin da ke kewaye da shi cikin ruwa mai duhu. Amma yana da cizo, ba ya kuwa haƙuri da abokin zama.

Saura tarwaɗa, ita ce ta dace. Dalili kuwa, a bisa maƙoshinta akwai wata tsoka mai rassa kamar bishiya, da ita ta ke shaƙar iskar sarari, saboda haka tana rayuwa a ruwan da zai kashe waninta. Wannan baiwa ita ce kuma ke jawo hasara, gama daren da aka yi ruwan sama tafki ya cika, ta kan fita ta ja ciki bisa ƙasa da ƙayoyin gefenta ta tafi abinta. Sai a bar tazara tsakanin ruwa da bakin bango, a kuma rufe da raga, wadda za ta tsare tsuntsaye, ta tsare ƙananan yara daga faɗawa.

Babban aibinta shi ne cin 'yan'uwa. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe rana ɗaya ba su girma daidai. Waɗansu kaɗan su kan tsere wa saura, da zarar bakin ɗaya ya isa haɗiye ƙaninsa ba zai jira abinci ba, kuma kowane ƙane da ya haɗiye ƙara masa girma ya ke yi. Maganin wannan aiki ne na hannu: tun suna ƙanana a riƙa kwashe su kamar kowane mako biyu, da sanyin safiya, a ware manya daban, ƙanana daban. Don haka a ganina mai tafki ɗaya bai shirya ba tukuna, sai ya sami biyu ko da ƙanana ne. A ba su abinci mai yawan sinadarin gina jiki a kan lokaci, gwargwadon abin da za su cinye nan take, domin ragowar ruɓewa ta ke yi ta ɓata ruwa. Masu jefa musu mushen kaji suna ganin sauƙi ne, amma wari ya kan biyo baya, da gunagunin maƙwabta. Lokacin hunturu cinsu ya kan ragu, sai a rage. Sabon siminti kuwa yana da kaifi mai kashe kifi, sai an jiƙa shi an zubar da ruwan sau da yawa. In an kiyaye waɗannan, tarwaɗa ta kan kai kilo 1 cikin kimanin wata 6.

Akwai inda haɗamarta ke da amfani. Karfasa tana haihuwa tun tana ƙarama, har tafki ya cika da 'yan mitsi-mitsi waɗanda ba mai saye. In aka sa tarwaɗa kaɗan a cikinsu, waɗanda ba su kai iyayen girma ba, sai su cinye 'ya'yan, iyayen su sami sarari su yi ƙiba.

Sa'an nan ga abin da ya shafi ciniki. Waɗansu dillalai su kan zo su tsaya bakin tafki su yi kuɗin kifin duka yana cikin ruwa. Malamai sun sani Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, cikin Risala, ya hana sayar da kifin da ke cikin koguna da tafkuna saboda garari, abin da mu ke kira cinikin biri a sama. Ga maciyin ɗan'uwansa kuwa gararin ya fi tsanani, tun da shi kansa mai kiwon bai san adadin da ya rage ba. Sai a janye ruwa, a kama, a ɗora bisa sikeli gaban mai saye da mai sayarwa, kana a yanke kuɗi.