Gyaran bawul ɗin zuciya: Ƙaramar tsaga ko buɗe ƙirji, wanne ya fi ƙarko?

Majinyatan da bawul ɗin zuciyarsu ke yoyo, musamman masu zuwa Indiya ko Masar neman magani, sukan tarar da zaɓi biyu: a raba ƙashin ƙirji a buɗe, ko a yi ƙaramar tsaga tsakanin haƙarƙarin dama. Da yawa na ɗauka cewa ƙanƙantar rauni ita ce nagartar aiki, amma binciken likitoci bai nuna haka ba.

Zuciya na da bawul huɗu da ke hana jini komawa baya. Wanda aka fi gyarawa shi ne mitiral, da ke ɓangaren hagu. Idan ya daina rufewa sosai, mutum kan yi fama da haki da kasala da kumburin ƙafa.

A tiyatar ƙaramar tsaga, likita na aiki ne da kyamara da dogayen kayan aiki. Farfesa Alain Carpentier na Faransa na cikin waɗanda suka fara ta, a 1996. Sai dai a duk hanyoyin biyu akan tsayar da zuciya, na'ura ta karɓi aikinta da na huhu har a gama.

Wani gwaji da aka yi a asibitoci 10 na Birtaniya kan majinyata 330, wanda mujallar JAMA ta wallafa a 2023, ya gano cewa bayan mako 12 ƙarfin jikin ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne. Masu ƙaramar tsaga sun riga barin asibiti da kimanin kwana ɗaya. Bayan shekara guda kuma ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba wajen mace-mace ko shanyewar ɓarin jiki ko sake tiyata. Bibiyar shekaru masu yawa da manyan cibiyoyi suka yi ta nuna kusan haka, ko da yake sukan zaɓi waɗanda suka fi dacewa ne su yi wa ƙaramar tsaga.

Akwai abin lura ga majinyatan Najeriya. An yi gwajin ne kan bawul da ya saki saboda lalacewar naman sa. A nan kuwa, sau da yawa matsalar kan samo asali daga ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a magance ba, wanda ke sa bawul ya yi kauri ya ƙage. Irin wannan ya fi wuyar gyara, kuma idan aka musanya shi da na ƙarfe, mutum zai sha maganin tsinka jini tsawon rayuwarsa.

Don haka ƙarkon aiki ya dogara ne ga ingancin gyaran da ƙwarewar likita. Kafin majinyaci ya biya kuɗi, ya kamata ya tambaya: bawul ɗin zai gyaru ko sai an musanya shi? Irin wannan tiyata nawa likitan ke yi a shekara? Wa zai ci gaba da duba shi bayan ya dawo gida?