Shuni Da Na'urorin Lantarki

Rini tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, tun daga Kano, inda Barth ya tarad da cinikin rinannun tufafi a 1851, har ƙasar Zamfara. Amma fa ba kowa ya san shunin marina yana da dangantaka da tiransisto ba.

Shuni ba ya narkewa cikin ruwa. Saboda haka marini yakan zuba baba da toka da katsi cikin rijiyar rini, ya bar su kwanaki su ruɓa. Cikin ruɓar nan kowace ƙwayar shuni takan karɓi ƙwayoyin lantarki biyu, sa'an nan ta narke ta shiga zare. In an tsamo tufa sai ta fito kore-kore, da iska ta buge ta sai shunin ya saki abin da ya karɓa, ya koma shuɗi. Watau shuni yana iya karɓar lantarki, yana kuma iya sakinsa, ba tare da ya lalace ba.

Wannan hali kuwa shi ake nema a tiransisto, wanda aikinsa buɗe wa lantarki hanya da rufe ta. An saba yinsa da silikon. A 1977 Heeger da MacDiarmid da Shirakawa suka nuna wani irin roba ma yana ɗaukar lantarki, aka ba su kyautar Nobel a 2000. A 2012 masana a Jami'ar Johannes Kepler ta Linz, ƙasar Ostiriya, suka buga bayanin tiransiston da suka yi da shuni. Ƙwayoyinsa masu faɗi ne, suna jeruwa bisa juna kamar faifai, lantarki yana ratsa su.

Lalle saurinsa bai kusa da na silikon ba, aikin kuma na ɗakin bincike ne, yana bukatar shuni tatacce ƙwarai. Amfaninsa shi ne yana da araha, kuma ba ya barin irin dafin da matattun na'urori ke zubarwa a juji.

Kamfanin BASF na Jamus ya fitar da shunin masana'anta a 1897, daga baya kuma marinu suka yi ta mutuwa. In malami a Maradun ko Bakura zai koyar da wannan babi, ba sai ya fara da misalin Turai ba. Ya nemi tsohon marini tukuna, tun ilminsa bai tafi da shi ba.