Yadda Mutanen Ailan Suka Tsamo Tatsuniyoyinsu Daga Bakin Kabari

A ƙauyen Cill Rialaig da ke gaɓar teku a yammacin ƙasar Ailan, an yi wani dattijo, manomi kuma masunci, ana kiransa Seán Ó Conaill. Bai taɓa zama a makaranta ba, Turanci ma ba ya ji. Harshensa Gelik ne, wato ɗaya daga cikin harsunan Kelt, dangin waɗanda ake yi a Wels da tsaunukan Sikotlan. Allah ya hore masa tatsuniyoyi da labaran jarumai da na aljanu, amma masu sauraro sun yi ƙaranci, har ya zamana yakan maimaita su shi kaɗai a wurin kiwo don gudun mantuwa.

Dalilin watsewar masu sauraron ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, abincin talakawan ƙasar, aka shiga yunwar da ta hallaka mutum wajen miliyan ɗaya, wasu kamar haka kuma suka yi hijira. Ga shi Turanci ne harshen makaranta da kotu da neman aiki, sai iyaye suka riƙa barin Gelik a bakin tsofaffi.

A 1923 wani matashin malami, Séamus Ó Duilearga, ya iske wannan dattijo. Ya yi ta zirga-zirga zuwa gidansa yana rubuta abin da ya faɗa da hannu, har tsohon ya rasu a 1931. Littafin da ya tattara labaran ya fito a 1948.

Shi wannan malamin gwamnati ta naɗa ya shugabanci Hukumar Tattara Al'adun Gargajiya da ta kafa a 1935. Ma'aikatanta sun bi ƙauyuka da wata na'ura mai suna Ediphone, wadda ke ɗaukar magana a jikin wani gwangwani na kaki, sa'an nan su zauna su kwafe kalma bayan kalma. To, a nan aka yi asara. Saboda ƙarancin kuɗi, da zarar an gama kwafewa sai a kankare kakin a sake amfani da shi, don haka muryoyin yawancin tsofaffin sun tafi, kalmominsu kaɗai suka rage. Duk wanda ya taɓa jin kakarsa tana kwaikwayon tsamin bakin Gizo ya san abin da takarda ba ta iya ɗauka.

Dabarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta 1937, lokacin da aka sa 'yan makarantun firamare fiye da 50,000, daga makarantu kimanin 5,000, su koma gida su tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta. Yaran suka rubuto karin magana, da kacici-kacici, da magungunan gargajiya, da labarin yunwar nan kamar yadda jikokin waɗanda suka tsira suka ji shi. Shafi wajen 740,000 aka samu. Yau suna ajiye a jami'ar UCD ta birnin Dublin, kuma a 2017 UNESCO ta sa taskar hukumar cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Mai karatu zai yi mamaki ya ji cewa mu ma muna da alaƙa da tsibirin nan, domin a birnin Belfast aka buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i 3, tsakanin 1911 da 1913.

Shi kuwa harshen Gelik, duk da ana koyar da shi a makarantun Ailan, ƙidayar 2022 ta nuna kusan mutum 72,000 ne kawai ke magana da shi kullum a wajen makaranta. Littafin Seán Ó Conaill ma sai da aka fassara shi a 1981 zuwa Turanci, harshen da mai labaran bai ji ba har ya koma ga Mahaliccinsa.