Motar Murtala a gidan tarihi na Onikan: abin da ramukan harsashi ke bayyanawa

Gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Onikan a birnin Legas, wanda aka buɗe a 1957 bisa ƙoƙarin Baturen Ingila Kenneth Murray, yana ɗauke da mutum-mutumin yumɓu na Nok da ƙere-ƙeren tagulla na masarautar Benin. Sai dai abin da ke tsayar da maziyarta da dama cak shi ne wata baƙar mota ƙirar Mercedes-Benz, wadda harsasai suka huda jikinta.

A cikinta aka kashe Shugaban Ƙasa Janar Murtala Ramat Muhammed da safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairun 1976, yana da shekara 37 a duniya. Yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a barikin Dodan ne cunkoson motoci ya tsayar da shi a Ikoyi, inda sojojin da suka shiga yunƙurin juyin mulkin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe wa motar wuta. Dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa, da direbansa sun rasu tare da shi.

Wanda ya tsaya ya ƙare wa motar kallo zai fahimci abin da littafi ba ya saurin nunawa. Mota ce irin ta kowa, ba ta da sulke. Murtala ya yi watsi da jerin gwanon motoci da jiniya, yana bin titi kamar sauran jama'a. Wannan sauƙin kai ya ƙara masa farin jini, shi ne kuma ya ba maharan dama.

Mulkinsa bai wuce kwana 200 ba, amma kwana goma kafin rasuwarsa ya sanar da ƙara yawan jihohi daga 12 zuwa 19, da kuma shawarar mayar da babban birnin tarayya Abuja.

Matasa da yawa a yau ba su san shi ba sai a takardar naira 20 da sunan filin jirgin saman Legas. Kabarinsa yana Kano, motar kuwa tana zauren da aka keɓe wa tarihin gwamnatocin Najeriya, kewaye da hotunan shugabannin da suka gabace shi da waɗanda suka biyo bayansa.