Baƙon Argungu da Yajin Tsire

Bakaben da ya sauka Landan ko Dubai bai jin nauyin tsayar da mai abinci ya tambaye shi ko akwai naman alade ko giya a girkin, kuma yana sa ran a faɗa masa gaskiya. Tambaya irin wannan baƙi ke zuwa da ita Argungu, sai dai mu ba mu cika ba ta muhimmanci ba.

Bikin kamun kifin da ya samo asali a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2016, yana jawo mutane daga nesa zuwa bakin Matan Fada. Cikinsu akwai waɗanda jikinsu bai jituwa da gyaɗa, kifi ko riɗi. Abin kan wuce borin jini: maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe cikin 'yan mintuna. A 2016 wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta rasu bayan cin burodi mai riɗi da ba a rubuta a jikin takardarsa ba. Sanadiyyar haka Birtaniya ta tsaurara dokar rubuta kayan haɗin abinci a 2021.

To, a wurinmu gyaɗa ɓoye take. Tana cikin yajin tsire a matsayin garin ƙuli-ƙuli, tana cikin labun kilishi, da manta ake suyar ƙosai da masa. Busasshen kifi kuma dakakke yake shiga miyar kuka, ba ya barin alama. Mai abinci a Birnin Kebbi kan ce "babu" da zuciya ɗaya, don a ganinta abin da ido bai gani a kwano ba, ba ya ciki. Wanda ya ce bai cin nama kuwa, tsame masa tsokar ake yi a bar masa romon.

Karamcinmu ma yana ƙara dagula lamarin. Mun saba ɗaukar ƙin cin abinci a matsayin raini, sai mu matsa: "Haba, ɗanɗana ko loma ɗaya!" Ga mai wannan lalura, lomar ce haɗarin.

Gyaran bai buƙatar kuɗi mai yawa. Kafin biki na gaba, masu shirya shi su tara masu rumfunan abinci su yi musu bayani, kowace rumfa ta kafa ɗan allo da Hausa da Turanci mai nuna inda gyaɗa, kifi, riɗi da nono suke. Mai tsire kuma ya tanadi faranti da wuƙar da yaji bai taɓa ba.