Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka, sanannen abu ne ga malamai da 'yan kasuwa cewa ciwo ɗaya yakan cinye jarin shekara, har a sayar da akuya da gonar gado. Saboda haka ne dokar lafiya ta Nijeriya ta shekarar 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta wajabta a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. A shekarar 2022 kuma aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya, wadda ta ambaci raunana: yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu juna biyu, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta. Kowace jiha tana da hukumar da ke rubuta sunayensu. Ta Kano, alal misali, da dokar 2016 aka kafa ta.

To, amma haƙƙi ba ya isa ga mai shi sai da shaida. Babbar shaida ita ce lambar zama ɗan ƙasa, mai alƙaluma 11, wadda ake kira NIN. Yankanta na farko kyauta ne, gyaranta kuwa sai da kuɗi da jira. Yaro kuma a nema masa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya. Sa'an nan mai gida ya je asibitin mazaɓarsa ya tambayi inda ake rajista, ya tafi da iyalinsa, domin kowane rai da sunansa ake rubuta shi.

Inda jama'a suka fi tuntuɓe shi ne suna. Mutum guda, a wannan takarda Muhammadu, a waccan Mamman; mace nan da sunan mahaifinta, can da na mijinta. Kwamfuta ba ta san laƙabi ba, ba ta san alkunya ba. Harafi ɗaya in ya saɓa, sai ta ɗauke su mutum biyu. Wajibi ne a zaɓi suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, a tsaya a kansu.

Nan nauyi ya hau kan masu ilimi da masu hali. Almajiri iyayensa suna nesa, malaminsa ne waliyyinsa. Gwauruwa da ɗan dako ba su karanta boko, sai an karanta musu. Attajirin da ya biya wa tsohuwa kuɗin mota zuwa wurin rajista ya yi sadaka mai ɗorewa. Riƙo da sababi bai saɓa wa tawakkali ba, malaman fiƙihu kuwa sun lissafa tsare rai cikin manyan manufofin shari'a.

A haɗa takardu tun ana ƙalau, domin ranar naƙuda ba ranar neman lamba ba ce. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin. Wassalamu.