Kimanta Darajar Gida: Abin da Ke Tsakanin Mai Saye, Dillali da Banki

ABUJA — Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na wannan shekara, farashin siminti da rodi da kwanon rufi ya yi tashin gwauron zabo, kuɗin gidaje da na haya kuma suka bi sahu a Abuja da Legas da Fatakwal da sauran manyan birane. A irin wannan hali, magidancin da ya shekara da shekaru yana tara abin sayen muhalli yana fuskantar tambaya guda: shin kuɗin da aka yanka wa gidan nan shi ne darajarsa ta gaskiya?

Amsar tana hannun masu kimanta kadara. Wannan sana'a ce da doka ta tsare. Ƙungiyar masu ita, watau NIESV, an kafa ta a 1969, sa'an nan Doka mai lamba 24 ta 1975 ta kafa hukumar ESVARBON wadda ke yi musu rajista. Duk rahoton da ba ya ɗauke da hatimin wanda ya yi rajista da hukumar, banki ba ya aiki da shi. Bambancin mai kimantawa da dillali a fili yake: dillali la'adarsa tana ƙaruwa ne gwargwadon tsadar ciniki, shi kuwa mai kimantawa ladan aikinsa yake karɓa, ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Hanyoyi uku ne aka fi bi. Ta farko ita ce kwatance, inda ake duba nawa aka sayar da gidaje masu kama da wannan a unguwa ɗaya cikin 'yan watannin baya, a ƙara ko a rage saboda faɗin fili, kyawun hanya, ruwa da wuta. Ta biyu ita ce ta haya. Alal misali, idan gida yana kawo Naira miliyan 2 a shekara, kuma gidajen unguwar ana sayensu a kan ninki ashirin na hayarsu, to darajarsa tana wajen Naira miliyan 40. Ta uku ita ce ta kuɗin gini: nawa za a kashe a gina irinsa yau, a cire tsufa da lalacewa, a haɗa da darajar filin. Ana kama wannan hanya ne a inda ciniki ya yi ƙaranci har babu abin kwatantawa.

Rahoton da za a kai banki yakan zo da adadi biyu: darajar kasuwa, da kuma abin da gidan zai yi idan aka sayar da shi cikin gaggawa don biyan bashi, wanda kullum ya fi ƙanƙanta. Banki yana auna rancensa ne da rahoton, ba da abin da mai gida ya nema ba. Idan an yi ciniki a kan miliyan 30 rahoto kuma ya ce miliyan 24, cikon zai fito ne daga aljihun mai saye.

Takarda ma tana da nata farashin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, a Abuja kuwa ministan Babban Birnin Tarayya ne ke riƙe da wannan iko a madadin Gwamnatin Tarayya. Sashe na 22 ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar ko a jinginar da fili mai takardar mallaka, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙarfin wannan sharaɗi a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, inda ta rushe jinginar da aka yi ba da izini ba. Dalili ke nan da ya sa gidaje biyu masu gini iri ɗaya, bango da bango, sukan bambanta a daraja: ɗaya yana da takardar shaidar mallaka, ɗaya kuwa sai yarjejeniyar hannu da shaidar mai unguwa. Binciken takarda a ofishin filaye, kamar AGIS a Abuja ko KADGIS a Kaduna, shi ke nuna ko gidan yana jingine ko yana cikin rikici.

Ta fuskar agaji ga masu saye, babbar ƙofa ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda Doka mai lamba 3 ta 1992 ta kafa, Bankin Ba da Rancen Gidaje na Tarayya, FMBN, kuma ke kula da shi. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa kowane wata, kuma bayan wata shida yana iya neman rance a kan ruwa kashi 6 cikin 100, ya biya cikin shekaru har 30. Dokar Sauƙaƙa Kasuwanci da aka sa wa hannu a Fabrairu 2023 ta mayar da zubin ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Bugu da ƙari, tun Satumba 2022 hukumar fansho ta PenCom ta ba ma'aikaci damar cire har kashi 25 cikin 100 na ajiyar fanshonsa don biyan kafin alƙalami, muddin ya cika wata 60 yana zubi. Ga waɗanda ke ƙyamar kuɗin ruwa, bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, suna da tsarin ijara, inda mutum ke biyan haya har gidan ya zama nasa.

Sai dai lissafi yana nuna iyakar wannan agaji. Rancen Naira miliyan 10 a kan kashi 6 na shekaru 30 yana cin kusan Naira 60,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yuli 2024 Naira 70,000 ne. Tunda ƙa'idar ita ce kada biyan ya wuce sulusin abin da mutum ke samu, sai mai albashin kusan Naira 180,000 ne zai cancanta. Idan kuwa rancen na bankin kasuwanci ne a kan kashi 25, kuɗin ruwa kaɗai ya haura Naira 200,000 a wata. Shi ya sa har yanzu akasarin 'yan Nijeriya suke gina gidajensu da guminsu, bulo bayan bulo, shekara bayan shekara.

Ga wanda ya kai ga matakin saye, jerin aikin shi ne: binciken takarda a ofishin filaye, safiyo ya tabbatar da iyakokin fili, mai kimantawa ya ba da rahoto a rubuce, lauya ya tsara yarjejeniya, sa'an nan kuɗi ya fita. Ladan waɗannan duka ƙaramin kaso ne na farashin gidan, wanda ya juya jerin kuwa, ya biya kafin ya bincika, yakan ƙare ne a zauren kotu.